Alhaji Alhasan Ɗantata: Falken da ya bar jaki ya kama jirgin ƙasa

Masu karatu, musamman 'yan kasuwarmu na Tasawa da Mayahi da iyayenmu mata masu sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, yau filin namu zai tsallaka iyaka ne zuwa Kano domin kawo muku tarihin wani bawan Allah da ya rasu tun 1955, amma har gobe idan ana maganar arziki a ƙasar Hausa sai an ambaci sunansa. Wannan kuwa shi ne marigayi Alhaji Alhasan Ɗantata. Dalilin da ya sa muka ɗauko shi a yanzu shi ne maganar layin dogo da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi, domin kuwa shi mutum ne da ya ga zuwan jirgin ƙasa na farko a ƙasar Hausa, ya ga waɗanda jirgin ya ɗaga da waɗanda ya kayar.

An haifi Alhasan a garin Bebeji da ke kudu da birnin Kano a 1877. Mahaifinsa shi ne Madugu Abdullahi, mahaifiyarsa kuwa Fatima, wadda aka fi sani da Amarya. Su duka biyun fatake ne daga zuriyar Agalawa, mutanen da asalinsu ke komawa ga ƙasar Abzin, wato arewacin Nijar ta yau, kafin su gangaro kudu su zauna a ƙasashen Katsina da Kano, su zama Hausawa, su shahara da fataucin goro. Ke nan ta wani fannin, mu ma nan muna da ɗan rabo a cikinsa.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mai karatu ya san yadda fataucin goro yake a wancan zamani, domin sai an san wahalar jiya ake gane abin da jirgi ya sauya. Goro ba ya fita a ƙasar Hausa, sai an je Gwanja, a arewacin ƙasar da yanzu ake kira Gana, inda kasuwar Salaga take. Ayari kan tashi da kaka, ɗaruruwan mutane ko ma dubbai, da jakuna da alfadarai da takarkarai da 'yan alaro, ɗauke da kanwa da tufafin Kano da fatu da busasshiyar albasa. Madugu ne shugaba, shi ke shirya garama da sarakunan hanya, shi ke zaɓen zango, jagaba na gaba, uban dawaki na kula da na baya. A ƙetare Kwara da fito, a ratsa ƙasar Borgu inda 'yan fashi ba sa ƙarewa. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara guda. Ga shi goro kaya ne mai son lallashi, sai an naɗe shi da ganye, ana kwance huhu a kai a kai ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya fara lalacewa, in ba haka ba guda ɗaya sai ya ɓata saura. Saboda haka ne goro ya kasance abin sarakuna da attajirai, talaka sai ranar biki ko suna.

Mata ma ba a bar su a baya ba a wannan tafiya. Akwai masu bin mazansu suna dafa abinci a zango suna kuma ɗan nasu cinikin, akwai kuma masu jarin kansu. Amarya tana cikin waɗannan na biyun.

Alhasan yana da kimanin shekara takwas mahaifinsa ya rasu, wajen 1885. Da aka raba gado abin da ya samu bai taka kara ya karya ba, saboda 'ya'yan suna da yawa. Mahaifiyar tasa kuma ta tattara ta koma birnin Akara da ke bakin teku ta ci gaba da kasuwancinta, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa ne aka samo Ɗantata, wato ɗan Tata. Abin lura ne a nan cewa sunan da ya cika Afirka ta Yamma, wanda yau yake jikin kamfanoni da tituna, ba sunan wani sarki ba ne ko madugu, sunan wata tsohuwa ce mai reno. Alhasan ya yi karatun allo a Bebeji, ya yi rayuwar almajiri da duk abin da ke cikinta, har da bara da yi wa mutane aikin ƙarfi, kuma an ce Tata ce ta koya masa jefa wuri a asusu duk ranar da ya samu.

Yana wajen shekara 15 ya bi ayarin Gwanja domin ya je ya ga mahaifiyarsa, ya sayi 'yan kaya a Bebeji yana sayarwa a hanya. Da ya isa Akara yana tsammanin zai huta a gidan uwa mai dukiya, sai Amarya ta kai shi wajen wani malami ta bar shi can ya ci gaba da karatu yana neman na kansa. Wasu za su ce rashin tausayi ne, amma duk macen da ta san kasuwa ta san abin da take nufi.

Bayan dawowarsa gida sai ga yaƙin Basasa na Kano, wanda aka fara a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa da yawa sun goyi bayan Tukur, shi kuwa aka ci da yaƙi, aka washe garuruwansu, Alhasan da 'yan'uwansa suna cikin waɗanda aka kama, sai da suka fanshi kansu. Haka ya sake komawa fataucin goro daga tushe.

A waɗannan shekaru duniyar fatake tana juyawa. Yaƙin cikin gida ya rusa kasuwar Salaga a 1892, Turawan Ingila sun kama Kumasi, sun kuma ci Kano a 1903. A nan wajenmu Faransawa sun shigo da wuta a 1899, inda Voulet da Chanoine suka gamu da ajalinsu a yankin Maijirgi, kusa da Tasawa (garin da ke da jirgi a sunansa tun kafin a san dogo, amma har yau bai ji kukan jirgin ba). A cikin 1903 ɗin ne kuma aka kammala layin dogo daga Sekondi da ke bakin teku zuwa Kumasi, tsakiyar ƙasar goro, alhali tun 1901 jirgin ƙasa yana tashi daga Ikko, wato Legas, zuwa Ibadan.

A nan ne idon Alhasan ya buɗe. Wajen 1906 ya fara loda goronsa a jirgin ruwa daga Sekondi da Akara zuwa Ikko, daga can a hau da shi Arewa. Yana cikin Hausawan farko da suka yi wannan kasada, domin a wancan lokaci falke ya fi yarda da jakinsa a kan ruwan da ba ya ganin gaɓarsa. Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Mai jaki zai juya jarinsa sau ɗaya a shekara, mai jirgi zai juya sau da yawa, ga kuma goronsa zai iso da sauran ɗanyensa.

To, a Arewa ma Turawa sun ƙudura aniyar kawo dogo. An fara aikin a 1907 a ƙarƙashin Gwamna Percy Girouard, wani injiniyan soja ɗan ƙasar Kanada wanda ya riga ya shimfiɗa dogo a hamadar Sudan. Ba daga Ikko aka faro ba, daga Baro aka faro, wani ƙaramin gari a bakin kogin Kwara inda jiragen ruwa ke iya isowa idan ruwa ya cika, aka biyo ta Minna da Kaduna da Zariya, tafiyar da ta haura kilomita 550. Sarakuna ne aka ɗora wa nauyin kawo ma'aikata, talakawa suka haƙa ƙasa suka ɗauke ta da kwanduna a ka, ana biyan su da kuɗin ƙarfe na Bature, abin da ya taimaka wajen korar wuri daga kasuwa. A watan Maris na 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas, dogo ya iso Kano. A 1912 aka haɗa shi da layin Ikko a Minna, aka buɗe wa jama'a. Wani abin mamaki shi ne a shekarun farko babu gada cikakkiya a Jebba, sai dai a tura taragu cikin wani babban jirgin fito a ƙetare da su Kwara, jirgin ƙasa a cikin jirgin ruwa ke nan, har sai da aka gama gadar a 1916.

Wanda ya fara jin jiki shi ne fataucin Sahara. Shekaru aru-aru raƙuma na ɗauko kaya daga Tarabulus su biyo ta Gat da Abzin da Damargu zuwa Damagaram da Kano, wasu kuma ta Tasawa zuwa Katsina, hanyar da Bature matafiyi Heinrich Barth ya biyo ya sauka a Tasawa a farkon 1851. Tafiya ce ta watanni. Da jirgi ya zo, yadin da aka saƙa a Manchester sai ya iso Kano ta teku da dogo cikin 'yan makonni, kuma da araha. A 1911 ɗin ne kuma Italiya ta afka wa Tarabulus. Larabawan Gadamas da ke zaune a Kano, masu wayo cikinsu suka mayar da kayansu ta Ikko, saura kuwa kasuwarsu ta mutu a hankali. Faransawa sun daɗe suna mafarkin ratsa Sahara da nasu dogon daga Aljeriya zuwa kogin Kwara, amma tun da Buzaye suka hallaka tawagar Kanar Flatters a 1881 abin bai taɓa wuce bakin hamada ba.

Abin da zai ba mai karatu dariya shi ne Turawan Ingila ba don gyaɗa suka kawo jirgi Kano ba. Auduga suke so domin masaƙunsu na Lancashire, har ƙungiyar masu noman auduga ta ƙasarsu ta yi ta raba iri kyauta. Amma manomin Kano ya yi nasa lissafin. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da yadda Bature zai saya, ita kuwa gyaɗa tana son jigawa, tana gyara gona, harawarta abincin dabbobi ce, idan kuma shekara ta yi tsanani ana iya cin ta, alhali ba mai cin auduga. A daidai lokacin kuma masana'antun Turai suna neman man gyaɗa ido rufe domin yin man shafa wa burodi da sabulu. Da kakar 1912 sai gyaɗa ta yi wa tashar Kano ambaliya, har ta rasa wurin ajiya aka riƙa jibge ta a fili. A 1913 Nijeriya ta fitar da sama da tan 19,000, alhali shekaru biyu kafin nan ba ta kai tan 2,000 ba. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, ta tsayar da abin na ɗan lokaci, amma a 1916 an kai wajen tan 50,000.

Iyaye mata su lura da wannan. Saboda nisan Kano da teku, sama da kilomita 1,100, kuɗin jirgi ba zai bari a ɗauki gyaɗa da ɓawonta ba, dole sai ɓararriya. Mata da yara ne suka yi wannan aiki da turmi da taɓarya da faifai, gida gida. Duk buhun da ya hau jirgi ya bi ta hannun mace tukuna, kodayake ba a cika rubuta wannan a littattafai ba.

Su kuwa kamfanonin Turawa da suka buɗe kantuna kusa da tasha, suna da kuɗi da sikeli, amma ba su san ƙauye ba, ba su jin Hausa sosai, manomi kuma bai yarda da su ba. Dole suka nemi fataken goro, mutanen da suka riga suka mallaki yara a kowace kasuwa, suka san wanda za a ba bashi ya biya. Cikin waɗanda suka fara shiga akwai Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo. Alhasan ya dawo da zama Kano a waɗannan shekaru, ya kafa gidansa a Sarari, a 1918 kuma ya zama mai saya wa kamfanin Niger Company, wanda daga baya ya narke cikin UAC a 1929. Yadda aikin ke tafiya shi ne kamfani ya ba shi kuɗi da kaya, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su shiga ƙauyuka tun kafin kaka da gishiri da yadi da kuɗin hannu, idan an cire gyaɗa a auna a ɗora wa jakuna da raƙuma zuwa tasha. Duk wannan a kan amana yake tafiya, babu takarda sai kaɗan. Abin da ya fi sauran da shi shi ne ya san Ikko da Akara, ya saba da Turawa da hanyoyin cinikinsu, kuma yana da nasa jarin na goro, ba sai ya jira na kamfani ba. Zuwa 1922 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Kano.

Kada mai karatu ya zaci ya saki goro. Jirgin da ke gangarawa da gyaɗa da shanu da fatu, shi ne ke hawowa da goro da yadi da gishiri, saboda haka yana ci gaba da baya. Araha da jirgi ya kawo ce ta sa goro ya zama abin da kowa ke iya saya da kwabo.

Labarin da aka fi bayarwa a kansa shi ne na 1929, lokacin da ya kai kuɗin azurfa kayan raƙuma 20 ajiya a bankin Turawa na Kano, wanda shi ne ya zama First Bank daga baya. Kuɗin da jirgin ƙasa ya tara, raƙumi ne ya kai su banki. A cikin shekarun 1920 kuma ya sauke farali ta jirgin ruwa, inda ya biya ta Ingila, a zamanin da yawancin alhazan ƙasar Hausa ke tafiya a ƙasa ta Chadi da Sudan, suna yada zango suna noma, wasu su shekara biyar ko fiye, wasu kuma su zauna can har abada. Ɗansa Mahmudu ya ɗora a kan wannan a ƙarshen shekarun 1940, inda shi da abokansa suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, wadda sunanta ya bi wata unguwa a Fagge har yau.

Yanzu mu dawo gida. Faransa ba ta shimfiɗa ko taku ɗaya na dogo a Nijar ba, saboda haka da noman gyaɗa ya kankama a ƙasashen Maraɗi da Tasawa da Magarya da Matamai a shekarun 1930, ba ta da mafita sai jirgin Ingilishi. Dogo ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ya isa Nguru a 1930, ga kuma ita Kano. Buzayen da hanyar Tarabulus ta mutu a hannunsu sai suka samu sabon aiki, suka riƙa dakon buhunan gyaɗa da raƙumansu zuwa tashoshin, kafin manyan motoci su karɓe. Tasawa wadda ita ce mazaunin kwamandan yankin ta rasa wannan matsayi a 1927, aka mayar Maraɗi, kuma a ganina ba ƙaramin tasiri kusancin Maraɗi da Katsina da hanyar jirgi ya yi ba wajen sa ta tsere wa Tasawa a kasuwanci. Alhazan Maraɗi na farko da yawansu da irin wannan aiki suka tashi, wato sayen gyaɗa wa kamfanonin Turawa da jarin da aka ba su, tamkar yadda Alhasan ya yi a Kano. Sai a 1953 Faransawa suka ƙirƙiro wani shiri da suka kira Hirondelle domin karkatar da wani kaso na gyaɗar Nijar da motoci zuwa Paraku a Dahome, wato Benin ta yau, daga can jirgin ƙasa ya kai ta Kwatano.

Dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita, wadda ake danganta farkonta ga Ɗantata, ita ma 'yar jirgi ce. Mutane na kallon hotonta a matsayin alamar arziki, haka ne, amma kuma alama ce ta gazawar reluwe. Bayan yaƙin duniya na biyu gyaɗa ta fi ƙarfin taragu da injunan da ake da su, sai ta kwana ta wuni tana jiran layi, wani lokaci ta wannan shekara ta tarar da ta bara. Shi ya sa ake jera buhuna a tsibi mai faɗin gindi da tsinin kai, a lulluɓe da tamfal saboda ruwa. Dala guda kan ɗauki buhu har 15,000.

A 1955 ciwo ya kwantar da shi. Ya tara 'ya'yansa da babban mai riƙe masa lissafi, Garba Maisikeli, ya yi musu wasiyya da su zauna tare, kada su wargaza kamfanin, su kuma ci gaba da riƙe mutanen da ke ci a ƙarƙashinsa. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, yana da shekara 78, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya, aka binne shi a gidansa na Sarari. Allah Ya jiƙansa. Cikin 'ya'yansa akwai Ahmadu da Sanusi da Mahmudu da Aminu, wanda ya rasu a watan Yuni na 2025 aka binne shi a Madina. Alhaji Aliko Ɗangote kuwa jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

Gyaɗar kanta ba ta daɗe a bayansa ba. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gonaki a 1975 sun karya nomanta a Nijeriya da Nijar baki ɗaya, dalolin suka ɓace, manyan motoci kuma suka ƙwace kayan da jirgi ke ɗauka.

A Nijar sai a 2014 aka fara shimfiɗa dogo, daga Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, wanda aka yi bikin buɗe shi a farkon 2016 amma bai zama hanyar 'yan kasuwa ba. Shi kuwa na Kano zuwa Maraɗi, a watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashinsa, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke aikin. Tsawonsa kilomita 284 ne, zai biyo ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, kuma faɗinsa irin na zamani ne, ya fi na Girouard faɗi, jiragensa kuma sun fi gudu. A yadda aka zana shi a Maraɗi zai tsaya, ke nan wake da riɗi da dabbobin Tasawa da Mayahi sai an ɗora su a mota tukuna zuwa tasha, kamar yadda raƙuma suka yi da gyaɗar kakanninmu.